Dan Allah masu sani, mutuwar shahararrun mutane tana iya jan wani ya kashe kansa?

Adda_Jekadafari

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta na mutane ban taɓa tofa nawa ba, yau dai abin ne ya tsaya min a rai na rasa wanda zan faɗa wa, don a gida in ka ɗauko irin wannan zancen sai a ce kana yi wa yaro mugun baki.

Ƙanina ne, autanmu, shekararsa 26. Ya gama jami'a ya yi bautar ƙasa ya dawo, yau shekara biyu kenan ana ta kai takardu shiru kake ji. Ni da Hammanmu, wato yayanmu, muka haɗa masa ɗan jari ya kafa lema yana POS a wajen Tashan Dukku, abin har ya fara kankama yana ɗan riƙe cefanen Dada mahaifiyarmu, sai wani mara tsoron Allah ya yi masa alat na bogi ya karɓe kuɗi masu kauri. Don ya cike gurbin ya je ya ci bashi a irin manhajojin nan na waya, da ya kasa biya suka dinga tura wa duk lambobin da ke wayarsa saƙo wai ɓarawo ne, har ni sai da aka turo min. Ana cikin haka yarinyar da yake nema aka ɗaura mata aure da wani bayan ƙaramar sallah. Tun daga nan yaron nan ya zama wani iri. Mutumin da in Barcelona na wasa ko gobara ake a unguwa sai ya je gidan kallo, yanzu ko majalisa ba ya fita, kwanon abinci yadda aka kai masa haka ake ɗaukowa, in na kwana a gida ina ganin hasken waya ta ƙasan ƙofarsa har kiran assalatu.

Abin da ya ɗaga min hankali, ranar Laraba netwok ɗina ya ƙi sai na ari wayarsa zan yi tiransfa, ina buɗewa TikTok ne a kai, kuma duk abin da ke fitowa bidiyon jarumin Indiyan nan ne Sushant Singh Rajput, wanda ya rasu a gidansa a Mumbai a watan Yunin 2020 'yan sanda suka ce kashe kansa ya yi. An saka kiɗa mai sa kuka ana nuna shi yana murmushi, a ƙasa wani ya rubuta da Hausa wai "ka huta da duniya". Na ja sama shi ne, na sake ja shi ne. Dama autan namu mayen fim ɗin Indiya ne tun yana firamare. Sai kuma jiya na ga ɗana sanye da jesinsa ta Barcelona wadda ko taɓawa ba ya bari a yi, wai Kawu ne ya ba shi har da takalmin ƙwallo, ya ce shi ya gama da su.

Na faɗa wa maigidana ya ce in cire wannan tunanin, yaro Musulmi mai sallah, wannan ai halin Turawa ne da Indiyawa. Dada kuma ta ce iska ce a kai shi ruƙiyya. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Shi ne nake tambaya dan Allah, wai da gaske abin nan ƙaruwa yake ko waya ce ta sa muke yawan ji? Kuma da gaske mutuwar irin waɗannan shahararrun tana iya jan mutum ya bi sahu? Sannan in na tambaye shi baki da baki, ba ni ce zan saka masa abin a rai ba?

Baban_Walid

Wa alaikumus salam Adda, Allah ya yaye masa. Amma ni gskiya batun wai ɗan fim ya mutu a Mumbai sai yaro a Gombe ya bi shi, ban gamsu ba. Mu fa da fim ɗin Indiya muka tashi, tun ana shiga silima har aka zo zamanin kaset har zuwa fassarar nan ta yanzu, jarumai nawa muka ga sun mutu a fim da a zahiri, wa ya bi su? Mu kira abu da sunansa kawai, talauci ne da rashin aikin yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wane magidanci ne kansa bai ɗau zafi ba, ni nan da nake miki magana shago gare ni a babbar kasuwa, wlh akwai ranar da zan zauna tun safe har la'asar ban yi cinikin da zai biya min keke zuwa gida ba. Ga yara sun gama makaranta ba abin yi, wasu sun faɗa bet, wasu tiramol, wasu dabar Kalare. Yaron da aka damfara, aka tozarta shi a idon dangi, aka aurar da budurwarsa, ai ko bai taɓa ganin ɗan Indiya da idonsa ba dole ya shiga wani hali.

Shawarata ku taru ku biya masa bashin nan, ku sake tada masa jari ko ƙarami ne, a dage da addu'a, za ki ga ya warware. Amma zuwa ki tsare shi da maganar kashe kai kam a'a, kar garin neman gira a rasa ido.

SistaNas_Tumfure

Adda kafin in ce komai, dan Allah kar ki bari a kwana ba ki zauna da shi ba. Baban Walid ka yi haƙuri, rabin maganarka gaskiya ce amma ƙarshenta ba na tare da kai. Ni nas ce a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma abubuwan da Adda ta lissafo su ne ainihin waɗanda muke tambaya in an kawo mana mutum: ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga mutane, asara da kunya da rabuwa sun haɗu masa lokaci guda, sannan ya fara rabar da abin da yake ji da shi yana cewa ya gama da su. Na ƙarshen nan shi ya fi tsorata ni.

Tambaya ba ta saka wa mutum wannan tunanin, an yi bincike a kai an sake yi, amsar ɗaya ce. Wanda ba shi da shi a rai zai ce haba Adda, wanda yake da shi kuma galibi ajiyar zuciya yake yi don ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. Ki same shi ku biyu, ba a gaban Dada ba, ki ce Auta na ga ka canza kuma na damu, kana tunanin kashe kanka ne? Da kalmar fa, ba kewaye-kewaye ba. Sai ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, banda faɗa, banda wa'azi a wannan zaman, kuma kar ki yi masa alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba. In ya ce e, toh kar a bar shi ya kwana shi kaɗai, a kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe akwai likitocin ƙwaƙwalwa, na Bauchi ma asibitin koyarwa na ATBU akwai, ga manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. In abin gaggawa ne a wuce sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, lambar 112 ma tana nan.

Kuma tunda damina ce kowane zaure akwai kayan feshi, a kwashe su da magungunan da ke gidan a kulle. Kar a raina wannan. Sau da yawa lokacin da abin ke turnuƙe mutum gajere ne, in babu komai a kusa sai guguwar ta wuce yana raye. Ƙasar Sri Lanka ba wani siddabaru ta yi ba, hana shigo da magungunan feshi mafi guba ta yi, tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar. Mu ma nan shi ya sa NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni a 2019.

Batun ko halin Turawa ne, ki gaya wa maigida Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke, ba a Turai ba. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29 yana cikin manyan abubuwa huɗu da ke kashe su. Ƙaruwa kuma ya danganta da inda kika duba, a duniya gaba ɗaya raguwa ma ya yi da kashi 36 cikin 100 daga 2000 zuwa 2019, amma a nahiyar Amurka ya hau da kashi 17 a daidai wannan lokacin. Abin da mutane ba sa so su ji shi ne a lissafin 2019 yankin Afirka ne a sama, mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali na duniya 9 ne. Mu nan kuma an fi rufewa, a ce gajeriyar rashin lafiya a yi jana'iza kafin azahar, abin da waya ke nuna mana ɗan abin da ya ɓullo ne kawai.

Sai tambayarki ta shahararru. E, yana faruwa, kuma ba jiya aka gano ba. Wani masani a Amurka David Phillips tun 1974 ya bi jaridu ya ga duk sanda aka buga labarin kashe kai a shafin farko sai adadin ya hau a makonnin da ke biye, shi ya raɗa wa abin suna Werther, daga jarumin wani littafin Jamus na 1774 da aka ce samari sun riƙa kwaikwayonsa. A watan da 'yar fim ɗin Amurka Marilyn Monroe ta mutu aka ce kashe kanta ta yi, Agustan 1962, ya ga ƙarin kusan kashi 12. Ɗan wasan barkwancin nan Robin Williams ya kashe kansa a Agustan 2014, masu bincike na jami'ar Columbia suka lissafa daga Agusta zuwa Disamba an samu ƙarin mutum 1,841 a kan abin da aka saba gani, wajen kashi 10 kenan, kuma abin ya fi yawa a maza 'yan 30 zuwa 44. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike da dama wuri guda, ta ce bayan an yayata mutuwar shahararre adadin kan hau da kashi 13 a wata ɗaya zuwa biyu, in kuma an faɗi hanyar da ya bi, masu bin wannan hanyar su ƙaru da kashi 30.

Amma ba kowa yake ɗauka ba, shi ya sa Baban Walid ya kalli Indiya shekara da shekaru bai ji komai ba. Katangar da damina ta riga ta jiƙa ita iska kaɗan ke kayarwa. Wanda yake cikin ciwon damuwa, in ya ga wani da yake so kuma yake ganin kansa a jikinsa, kamar Sushant, saurayi ɗan 34 da ya taso ba ɗan kowa ba a masana'antar ya yi suna, sai zuciya ta ce masa in wannan da kuɗinsa da sunansa bai iya ba kai wane ne, kuma dubi yadda duniya ke kukansa. Ga TikTok kuma abin da ka tsaya ka kalla shi zai yi ta kawo maka. Bashin ku biya in da hali, amma biyan bashi ba ya maye gurbin ganin likita.

Malam_na_Bolari

Allah ya saka wa Sista da alheri. Ni ɗan ƙarin da zan yi ta fuskar addini ne, don na ga an ce yaro mai sallah ba zai yi ba.

Haramcin kashe kai babu saɓani a kansa, Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku kashe kawunanku, amma ku lura da yadda ayar ta ƙare, lalle Allah mai jinƙai ne a gare ku. Da rahama aka rufe ta. Mu malamai sau da yawa rabin farko muke ɗauka mu hau mumbari da shi, wanda ke zaune a sahu na uku zuciyarsa na tafasa sai ya ji an ƙara masa da cewa shi ɗan wuta ne tun kafin ya yi komai, gobe ko kusa da mu ba zai zo ba. Baƙin ciki ba rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a tarihi sunanta shekarar baƙin ciki. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru, ya yi rashin lafiya a Madina ya kasa jurewa ya yi wa kansa abin da ya zama ajalinsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya roƙa masa gafara. Wannan ba ƙofa ba ce aka buɗe, a'a, amma ya isa ya hana mu yanke wa bawa hukuncin da ba namu ba, ya kuma hana mu tsangwamar iyalan da abin ya faɗa wa.

Maganar Dada ta ruƙiyya kar ki yi musu da ita Adda, ki ce to Dada za a yi, kuma a yi ɗin, karatun Alƙur'ani ne da addu'o'in da suka tabbata. Amma banda inda ake ɗaure mutum ko a yi ta dukansa wai aljani ake duka. Kuma ruƙiyya ba ta hana asibiti, Annabi (SAW) cewa ya yi ku nemi magani ya bayin Allah. Mai ciwon suga ba ma ce masa ya ajiye allura ya riƙe tofi kaɗai.

Masu rubuta "ka huta" a ƙasan hoton wanda ya kashe kansa kuma, su ji tsoron Allah, ba su san wa ke karantawa da ƙarfe biyun dare ba.

TsohonAdmin

Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, bari in tona wa kaina asiri. Na taɓa riƙe wani shafin labarai a Facebook na wasu shekaru, mabiya masu yawa. Wata rana aka turo min labarin wani ɗalibi da ya kashe kansa, da hotonsa da hoton takardar da ya bari da ma abin da ya yi amfani da shi, ko minti biyar ban yi ba na ɗora duka da babban kanu, dalilin budurwa. Wlh ban taɓa samun sharin irin na ranar ba, har ina jin daɗi ina ta duba lambobi suna hawa. Bayan kamar mako guda wata yarinya ta yi min magana ta inbos, kalmomin da ta rubuto min kusan layi-layi na cikin takardar nan ne, ta canza suna ne kawai. Jikina ya mutu. Allah ya taimaka na ja ta da hira har ta ba ni lambar yayarta, tana nan da ranta yanzu har ta yi aure, amma ni daga ranar na goge fostin ɗin kuma ban sake ba.

Daga baya ne na karanta cewa abin da na yi shi ne jerin duk abin da aka ce kar ɗan jarida ya yi: kar a faɗi hanya, kar a nuna wurin, kar a buga wasiyya, kar a ce abu ɗaya tak ne dalili kamar budurwa ko jarrabawa, kar a mayar da mamacin gwarzo, kuma a saka inda mai damuwa zai nemi taimako. A birnin Vienna na Ostiriya an gwada, jaridu sun yi ta kururuta masu kashe kansu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa abin na ta ƙaruwa, a 1987 aka zauna da 'yan jarida suka yarda su sassauta, cikin 'yan watanni abin ya faɗi da sama da kashi 70 cikin 100. Haka da mawaƙin nan Kurt Cobain ya kashe kansa a 1994 an yi zaton matasa za su bi shi rututu a garinsu Seattle, ba a ga hakan ba, sai dai kiran layin neman taimako ne ya ƙaru, don kafafen garin sun yi ta nuna irin raɗaɗin da ya bar wa iyalinsa suna kuma saka lambar taimako. Ku kwatanta da yadda tashoshin Indiya suka yi wata da watanni suna jan labarin Sushant kamar wasan kwaikwayo. Matsalar yanzu ita ce da editoci goma za ka zauna da su ka gama, yau kowa mai data edita ne, har gurup ɗin dangi.

Wani abin da ke sa mutanenmu ɓoyewa kuma doka ce, a Penal Code, kundin hukunta laifuka da Arewa ta gada tun wajen 1960 sashe na 231 ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya ko tara ko duka biyun. Mutum ya tsira da ƙyar sai kuma a ce kotu. Ghana ta cire irin wannan a 2023. Mu dai a Janairun 2023 ne Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye tsohuwar ta 1958, ga likitocin fannin ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Culer_Pantami

Adda ni ba masani ba ne, amma inda ƙaninki yake na taɓa zama a wurin, shekara huɗu da suka wuce, kuma ni ma ɗan Barca ne shi ya sa da na karanta batun jesin sai da na ajiye wayar na ɗan fita waje.

Ni nawa ba ɗan Indiya ba ne, golan Jamus ne Robert Enke na Hannover 96, wanda ya taɓa zama a Barcelona ma, ya kashe kansa a Nuwamban 2009 yana da shekara 32, matarsa ta fito ta ce ya yi shekaru yana ɓoye ciwon damuwa don tsoron abin da zai rasa in aka sani. Labarin ya tsufa amma ni a lokacin na haƙo shi ina ta karantawa ina maimaitawa, ba wai shi ya kawo min tunanin ba, tunanin na nan tun kafin, amma duk sanda na karanta sai in ji kamar an ba ni izini. Wannan ita ce kalmar, izini. Kuma a waje ina sallah a jam'i ina gaisawa da kowa ina dariya, babu wanda ya sani.

Hammana ne ya gane, direban tirela ne ko sakandare bai gama ba. Ya shigo ɗakina wani dare ya zauna a bakin katifa ya tambaye ni kai tsaye, na yi niyyar in ce lafiya lau sai kawai kuka ya ƙwace min. Bai ce min komai ba, ya fita ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin ƙofa, sati uku a nan yake kwana ya bar lodi ya bar komai. Shi ya kai ni asibiti, ina ta jin kunyar kar wani ya gan ni a layin mahaukata, da na shiga sai na tarar da malaman makaranta da 'yan kasuwa da matan aure da goyonsu, mutane kamar kowa. Maganin bai yi aiki nan take ba fa, sai da na yi wajen wata guda kafin na fara jin bambanci, farkon ma har jiri yake sa ni na so in watsar, ki sa ido a kan wannan in an ba shi, kar ya daina ba da sanin likita ba.

Kuma tunda ɗan Barca ne ki ba shi labarin Iniesta. Shi da bakinsa ya faɗa cewa a 2009, bayan an ci kofuna uku kuma abokinsa Dani Jarque ya rasu, ya faɗa ciwon damuwa har ya koma neman taimakon likitoci, shekara na zagayowa shi ya ci ƙwallon da ta ba Sifen kofin duniya a 2010 ya cire riga da sunan Jarque a ƙirjinsa. Irin wannan labarin ma yana yaɗuwa a zuciya kamar yadda wancan ke yaɗuwa. Abu ɗaya dai, kar kowa ya ce masa kai fa namiji ne, ko dubi wane ya fi ka shiga matsala. An faɗa min, kuma ƙara nutsar da ni ya yi.

Baban_Walid

Toh ni dai na ji, kuma Culer Allah ya ƙara lafiya, Hammanka ya cika ɗan uwa. Na janye batun kar a tambaye shi. Amma ina nan a kan bakata cewa in aka yi magani aka dawo da yaro ɗaki ba sana'a an yi rabin aiki ne. Adda in ya samu sauƙi ki yi min magana, ina neman mai riƙe min lissafi a shago, ba yawa amma ya fi zama.

Adda_Jekadafari

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na je gida na ce ya raka ni sayen kati, muka zauna a dakalin ƙofar gida na tambaye shi yadda Sista ta ce, bakina har rawa yake. Ya daɗe bai ce komai ba yana ta wasa da silifas ɗinsa a ƙasa, can ya ce Adda ya aka yi kika sani. Ban yi kuka a gabansa ba sai da na shiga bayi. Mun kai sha biyu muna magana, ashe bashin ma ya ninka abin da muka sani, kuma ya ce bidiyoyin shi kansa sun ishe shi amma ya kasa daina kallo, da hannunsa ya goge TikTok ɗin ya miƙo min wayar in gani.

Na kira Hamma a daren ya zo ya kwana a ɗakin, da asuba ya kwashe kayan feshin da ke zaure ya kai gidansa ya kulle. Dada mun gaya mata ciwon damuwa ne kuma za a yi ruƙiyyar a gida, ta yarda da asibitin da sharaɗin kar 'yan unguwa su ji, na ce to. Maigidana har yanzu yana cewa na cika zuzuta abu amma ya ce zai kai mu a mota. Jesin na karɓo daga wurin ɗana na wanke na ajiye, yaron sai kuka yake wai Kawu ya ba shi halak malak.

Baban Walid na riƙe maganarka fa, kar ka zo ka ce wasa kake. Sista dan Allah gobe da safe muke so mu je, ƙarfe nawa ya kamata mu isa don mu samu kati da wuri, kuma za su bar ni in shiga wurin likitan tare da shi ko shi kaɗai ake gani?